Zaren da Ya Ƙi Ɗaukar Wuta

Ranar da Auta ta fara ganin Dogo, ɗan gilashi ne a tafin hannunta, tana lallaɓa shi kamar ƙwai. Aikinta tsara ƙwayoyin sinadari: ta yi musu faffaɗan ciki da 'yan wutsiyoyi a gefe, ta bar su cikin ruwan kwalba su hau kan juna da kansu har su zama siririn zare, sannan ta shimfiɗa shi a kan gilashi. Shi kuwa yana ɗakin awo, yana gwada ko wutar lantarki za ta bi ta cikin zaren.

"Saki mana, 'Yar Zare," ya ce yana murmushi. "Ba cinyewa zan yi ba."

Suna ya bi ta, so ma ya kama su. Da Abbanta ya ji, ya ce a kai kasuwa, shi ba ya son yaron da zai raba ta da digirinta.

Ana haka ta ƙara wa ƙwayoyin tsawon wutsiya don su fi narkewa. Zare ya fito gwanin kyau. Dogo ya auna, ya sake aunawa, sannan ya turo saƙo:

"'Yar Zarena, ki yi haƙuri, wuta ba ta wucewa. Ina jin wutsiyoyin sun nisanta ƙwayoyin da juna. Zo mu duba tare."

Ba ta je ba. Wani abokin karatunta mai tabarau, wanda ya daɗe yana zagaye ta, ya karɓi sabon gilashi ya auna nan take, lambobi suka yi sama.

"Kin gani? Mutumin naki so yake ki faɗi, ki zauna masa a gida."

Auta akwai saurin fushi. Ta rubuta: "Ashe baƙin ciki kake yi min. Kar ka ƙara nema na."

Amsa ta zo: "To. Allah ya ba ki sa'a, 'Yar Zare."

Wayyo, wannan "to" ɗin ya fi zagi ciwo. Abinci ya fita kanta. Ta koma bin bayan gini don kar ta wuce ƙofar ɗakin awo, ta yi kuka a gaban kwalabenta har ta gode Allah. Tana son shi, kuma ita ta kore shi.

Da lokacin rubuta sakamako ya yi, ta sake auna gilashin nan da kanta. Wuta ba ta wuce ba. Ashe a jiƙe mai tabarau ya auna shi, lemar ce ta ɗauki wutar. Dogo kuwa ba ya taɓa gilashi sai ya busar da shi tukuna.

Ta tarar da shi yana zuba littattafansa a kwali, ya nemi canjin wurin aiki. Duk ya rame.

"Na zalunce ka," ta ce.

"Na so in yi miki ƙarya, wallahi," ya ce, bai ɗago ba. "Na rubuta saƙon na goge. Na kasa."

"Kar ka tafi, Dogona."

Ya daɗe yana kallon kwalin kafin ya ajiye littafin da ke hannunsa.

A gida ta kwashe komai ta faɗa wa Abba, tana share hawaye. Tsohon ya nisa.

"Ya yarda ya rasa ki don kar ki kai ƙarya gaban malamanki? Ce masa ya turo manyansa."

Ranar ɗaurin aure Abba ya riƙe hannun Dogo ya ƙi saki.

"Ɗana, ni ma ka yafe min. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."