Motar Kamfen ta Tsohon Minista

Sufeto Kuroiwa bai gama shayin safe ba aka bugo daga ofishin ɗan majalisa Munakata Takuya, wai an sace tsohuwar motar kamfen ta mahaifinsa. Masu sayen tsofaffin ƙarafa sun zo ɗauka suka tarar da gareji wayam.

Mahaifin, Munakata Genzo, tsohon ministan ayyuka ne, jigo a jam'iyyar 'yan mazan jiya. A da sai ka bi layi kafin ka gaishe shi. Yanzu ko kare ba ya haushi a ƙofar gidan, abin tausayi.

Kuroiwa ya duba kwaɗon garejin. Ba a fasa shi ba.

"Wa ke riƙe da makulli?" ya tambayi Tsuya, dattijuwar da ke kula da gidan.

"Ni, amma ban ga komai ba."

"Sensei fa?" Haka kowa ke kiran tsohon.

"Yana kwance, mura ce. Tun bara ya mayar da lasisinsa, ina shi ina mota?"

"Yana kwance, ga shimfiɗarsa kin shanya a rana?"

Sai ta fashe da kuka. "Sufeto, ka rufa mana asiri. Takuya ya rantse ranar da ya sake taɓa sitiyari, gidan tsofaffi zai kai shi."

A bakin gada wani mai sayar da tofu, wato awara, ya ce ya ji mota mai lasifika ta haura dutse. "Na zaci zaɓe ya zo ban sani ba!"

Kuroiwa ya bi hanyar, kwalta sumul kamar jiya aka zuba ta. A ƙarshenta ya tarar da motar a tsakiyar ƙauyen Okusawa. Gidaje a garƙame, ciyawa ta cinye gonakin shinkafa. Tsohon na tsaye cikin baƙar kwat da makirufo a hannu, yana rusuna wa tagogi.

"Munakata ne! Munakata Genzo ya zo godiya!"

"Sensei, kai ka ɗauko motar?"

"Ni ne. Ɓarawon motata." Ya sauke makirufon. "Nan na fara cin zaɓe. Na ce zan kare ƙauye da al'adun kakanni, suka ce hanya suke so. Na yi faɗa da rabin majalisa na kawo musu ita. Ka ga, ta kanta suka bi suka tafi Tokyo."

"Tuƙi ba lasisi laifi ne. Dole ɗanka ya sani."

"Na sani, yaro. Ni na ɗaga hannu aka tsananta dokar."

Kuroiwa ya buɗe masa ƙofar baya ta motar 'yan sanda, zuciyarsa ba daɗi. Tsohon ya shiga ya gyara zama.

"Tambayoyin nan naku, za su daɗe?"

"Za su iya kai mu yamma."

"Madalla," in ji Munakata. "Kada ka yi sauri. Na daɗe ba wanda ya tambaye ni komai."