Zaren Rigar da Aka Warware

Sufeto na tsakiyar saƙa hular jikarta a ofis lokacin da Saje ya leƙo ba ko sallama.

"Ranki ya daɗe, an samu gawa. Matar nan da ake kira Mai Ulu."

Duk ofishin sun san halin Sufeto: in ba ta riƙe da fayil, to tana riƙe da allurar saƙa, kuma ba ta taɓa ajiye saƙa a tsakiyar layi, ko gobara ake yi. Ta ƙarasa layin, ta miƙe.

Ɗakin marigayiyar ya fi kama da shago. Dunƙulen ulu a kwanduna, auduga da mazarin kaɗi a bakin taga, ƙyallaye har saman kabad. Mai Ulu, wata ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, tana kwance kusa da keken ɗinki. Ƙeyarta ta bugu da ƙafar ƙarfen keken.

"Mijin ne," in ji Saje. "Maƙwabta sun ji suna cacar baki da safe, ga jini a rigarsa. Babba, shugaban ofishinmu, ya ce gobe a miƙa shi kotu."

Sufeto ta juya. Idonta na kan kujera, inda aka ajiye wata rigar sanyi mai ruwan ganye da ba a gama saƙawa ba, an ninke ta tsaf. Ta sa safar hannu, ta ɗan ture madaukan zaren da ke jere a jikin allurar. Akwai busasshen jini a jikin ƙarfen, a ƙarƙashin zaren.

"Saje, allurar nan ta zare ta faɗa cikin jini. Bayan haka wani ya ɗauka, ya mayar da madaukan ɗaya bayan ɗaya. Ko guda bai kuɓuce masa ba."

"To, sai me?"

"Kai za ka iya?"

Saje ya sosa ƙeya. "Ni ko maɓalli ya cire, sai dai in sake riga."

A caji ofis, mijin na zaune bayan kanta, tsohon direba mai furfura.

"Baba, kun yi faɗa da matarka?"

"Ko kaɗan, 'yata. Lafiya lau muka rabu."

"Maƙwabta uku sun ji muryarka."

Ya sunkuyar da kai. "Mun ɗan yi sa-in-sa. Na fita shan iska, na dawo na tarar da ita a ƙasa. Na rungume ta ina kiran sunanta."

"A kan me kuka yi sa-in-sar?"

Ya dubi gefe. Sufeto ta miƙa masa saƙarta ta ce ya riƙe. Ya kama allurar kamar mai riƙe da sukudireba, nan take madauki biyu suka zame. Ta karɓe abinta da sauri. Wannan hannun bai gyara saƙar kowa ba, amma Babba ba zai saki mutum don kawai bai iya saƙa ba. Tausayin tsohon ya kama ta, haushinsa ma ya kama ta, don ta ga yana ɓoye wani abu alhali wuyansa na cikin igiya.

Ta koma ɗakin. A wannan karon dunƙulen zaren ta duba. Ba sabo ba ne: ya yi lanƙwashe-lanƙwashe kamar gashin da aka tsefe wa kitso. Duk mai saƙa ta san haka zare yake yi idan an warware shi daga tsohuwar riga. A bayan ƙofa ta ga wani akwati a buɗe, cike da kayan yaro. A saman kayan, ga hannun wata 'yar riga mai ruwan ganye, shi kaɗai ya rage.

Maƙwabciya ce ta warware mata: akwatin na ƙanwar marigayiya ne. Ɗanta ɗaya tilo ya rasu yana ƙarami, ta kasa kallon kayansa, ta kawo wa yayarta ajiya.

Ƙanwar ta zo ofis da yamma, doguwar mace mai sanyin murya, idanunta sun kumbura.

"Yaushe rabonki da gidan yayarki?"

"Tun makon jiya."

"Kina saƙa?"

"Na daina tun da yarona ya rasu. Ko allura ba na taɓawa."

"Kin san abin da take saƙawa kwanan nan?"

"Ban sani ba."

Sufeto ta buɗe ledar kayan shaida, ta shimfiɗa rigar a kan tebur. Matar ta kawar da kai.

"Likita na son allurar nan," in ji Sufeto. "Saje, zare ta. Zaren kuma a zubar, tsohon tsumma ne."

Saje ya kama bakin allurar ya fara ja. Madauki ɗaya ya zame, na biyu ya bi shi.

"Kada ka zare!"

Kafin kowa ya motsa, matar ta fizge saƙar. Yatsunta suka cafke madaukan biyu, suka mayar da su kan allura cikin ƙiftawar ido. Sai da ta gama sannan ta ga abin da hannunta ya yi.



"Haka kika yi da safe," in ji Sufeto a hankali.

Matar ta rungume rigar a ƙirjinta, hawaye na zuba.

"Zaren rigar yarona ne, ni na saƙa masa ita da hannuna. A cikinta ya yi ciwonsa na ƙarshe. Na shiga gaishe da Yaya, na tarar ta warware ta tana yin wata. Wai zare ya ƙare mata, wai mai shi ai ba ya buƙata. Na kama, ta riƙe, muka yi ta ja. Na ture ta, wallahi ba da niyyar kisa ba. Na girgiza ta, ba ta numfashi. Sai na ga allurar a ƙasa, zaren yarona yana ta kwancewa. Na kasa barinsa haka."

"Ga mijinta can a tsare saboda ke. Kin sani?"

"Na sani. Tsoro ne ya hana ni magana."

Sufeto ta zare rigar daga hannunta. Ta sha kama mutane, amma ba ta taɓa jin nauyin aikinta kamar yau ba. Saje ya sa wa matar ankwa.

A bakin kanta suka yi kiciɓis da tsohon, ana mayar masa da hularsa da takalmansa. Ya dubi ƙanwar matarsa, ya dubi ledar da ke hannun Sufeto.

"Baba, an wanke ka. Ka tafi gida."

Bai motsa ba.

"Faɗan da kike tambaya," ya ce. "Cewa ta yi in sayo mata ulu. Na ce gida ya cika da zare, ta warware tsofaffin riguna mana. Ni na sauko mata da akwatin."

Aka wuce da matar ciki, aka rufe ƙofar ƙarfen. Saje ya buɗe wa tsohon ƙofar fita, ya riƙe ta yana jira, amma tsohon ya koma kan bencin da ya wuni a kai ya zauna, takalmansa a hannu.