Ba a Cewa Sauka a Bakin Rijiya

A gidanmu na masu yasar rijiya, ba ma sauka, zurara muke yi. Mahaifinmu ya ce kalmar daga zura guga ta fito: duk abin da aka zura da igiya, akwai hannu a sama da zai jawo shi. Sauka kuwa ta baƙo ce, wanda ya sauka ya sami masauki. Ni dai camfin tsofaffi na ɗauke shi. Yayana Iliyasu ma yakan yi wa maganar dariya, amma bakinsa bai taɓa kuskuren faɗa ba.

Ranar kasuwar Ɗanbatta ce. Muna dawowa gab da magariba maƙwabciyarmu Inna Safara'u ta tare mu tana haki. Akuyarta ta faɗa tsohuwar rijiyar bayan masallaci, kuma tun da famfo ya lalace ruwan rijiyar duk unguwa ke sha. In akuyar ta mutu a ciki, ruwa ya ɓaci. Iliyasu kuwa bai iya ce wa tsohuwa a'a ba, shi ya sa kullum aljihunsa fayau.

Ya ɗaura igiya a ƙugu, ni na tokare ƙafa da gungumen bakin rijiya. Ya yi bisimilla, ya juya baya zai shiga.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan," in ji Inna. "Ka sauka lafiya."

"Amin, Inna," ya amsa. Ladabi ne ya riga shi.

Muka haɗa ido. Ya ɗan yi yaƙe, ya shige.

Igiya tana ta bin tafin hannuna. Kukan akuya yana tasowa, sai ya ɗauke ɗif. Warin laka da na saba ji ya ɓace. Ƙamshin daddawa ya taso daga ƙasa, da hayaƙin kara.

Sai na ji daka. Taɓarya da turmi, a cikin ruwa.

"Maraba da baƙo." Muryar mace ce, raɗa take yi, amma kamar a kunnena. "Sannu da hanya. A kawo masa ruwa."

"Yaya!" na ƙwala. "Kada ka sha!"

Kwano ya yi ƙara.

Na ji yana haɗiya.

Na ja igiya iya ƙarfina, ko motsi ba ta yi ba. Fatar hannuna ta saɓule.

"Ɗan rakiyar fa?" in ji muryar. "Sama'ilu, ba ka sauko mu gaisa ba?"

Igiya ta fizge ni. Ƙirjina ya daki gungume, kaina ya leƙa ciki. Can ƙasa akwai haske ja irin na murhu, da tabarma shimfiɗe. Wallahi tsoro ya kama ni, amma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne "to" ɗin da na ji tana tahowa bakina. An rene mu ba a ƙyale kiran babba.

Na ciji harshena har na ji gishirin jini.

Ihun Inna ne ya kawo masu alwala, suka riƙe ni ta ƙafa. Ladan ya ɗaga murya da kiran salla, igiya ta saki. Muka taru muka jawo Iliyasu. Babu akuya, kuma ko gefen wandonsa bai jiƙe ba.

An rufe rijiyar da siminti. Malamai sun yi tofi, an sha rubutu, mun kai Iliyasu asibiti a Kano, suka ce lafiyarsa ƙalau. Inna Safara'u ta daina sa wa kowa albarka da ƙarfi. Ni na bar sana'ar, lebura nake yi a gonakin mutane, kuma na daina sa rai da warkewarsa.

Iliyasu ya ƙi shiga ɗakinsa. A zaure yake zama, takalmansa a gefe. In matarsa Ramlat ta kawo tuwo, sai ya ci loma kaɗan ya ture, ya sunkuyar da kai.

Jiya ma haka aka yi, tana goye da 'yarsu.

"An gode da ɗawainiya," ya ce da ita. "Amma na daɗe a gidan nan. A sallame ni haka, iyalina suna jira."

Ramlat ta ɗauki kwanon, ta gyara goyonta.

"Ka ƙara kwana ɗaya, Malam," ta ce.

Abin da take ce masa ke nan kullum.