Kumfar Bakin Allura

"Dogo! Dogo, fito da sauri, 'yarka za ta mutu!"

Ihun Amarya ne ya fito da shi daga banɗaki, tawul a wuya, kumfar aski a rabin haɓa. Ya iske ta durƙushe a gaban babban akwatin roba da ke lungun falo, idonta ya ciko da ƙwalla. A cikin akwatin, kan garin katako, bushiyarsa mai suna Allura ta karkace kamar mai farfaɗiya, bakinta na fitar da farar kumfa, tana miƙa harshe tana shafawa a ƙayoyin bayanta.

Dogo ya duba, ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Au, dariya ma kake yi?"

"Me kika taɓa kafin ki ɗauke ta?"

"Ba komai fa. Sabon sabulun nan kawai na wanke hannu da shi, sai ta lashi yatsana."

"To ai shi ke nan. Haka bushiya take, in ta ji ƙamshin da ba ta taɓa ji ba sai ta lasa, ta haɗa kumfa, ta shafe jikinta. Kwalliya take yi, madam. Ku mata ai duk halinku ɗaya!"

Ta jefe shi da filon kujera, ya cafe, ta share hawayenta tana dariya.

Wata takwas ke nan da bikinsu, amma har yau Amarya ake kiranta. Tun suna neman aure ya gaya mata yana da 'yar dabba a gida, ita duk zatonta kyanwa ce. Ranar da ta fara ganin dunƙulen ƙaya yana huci, sai da ta hau kan kujera. Amma so ba ya barin mutum yadda ya same shi. Yanzu ita ke dafa wa Allura ƙwai, ita ke canja garin katako, ita ke yi mata wanka da tsohon buroshin haƙori a ruwa mai ɗumi. In Dogo ya tafi aikinsa na kafa sola a gidajen mutane, Allura ce abokiyar hirarta tana gasa kek ɗin da take sayarwa.

Ana nan aka yi wa Umma, mahaifiyar Dogo, aiki a gwiwa, likita ya ce ta zauna inda babu hawa bene. Sai aka kawo ta gidansu tare da Yaya Babba, babbar yayar Dogo, wadda ta goya shi yana jariri kuma har yau ba ta yarda ya sauka daga bayanta ba. Yaya Babba ba muguwa ba ce, sai dai irin mutanen nan ne da ko gaisuwa aka yi musu sai sun juya ta sun duba ƙasanta.

Amarya ta zage damtse. Ita ke gasa wa Umma ƙafa, ita ke tuna mata lokacin magani, har Umma ta fara ce mata "'yata". Ranar da Dogo ya yi tafiyar kwana biyu, Amarya ta ce bari ta yi wa surukarta abin da ba ta taɓa yi ba. Ta gasa ɗan kek marar sukari da yawa, ta goga ɓawon lemo a ciki, ta kawo falo da la'asar, ta durƙusa.

"Umma, ga shi, naki ne ke kaɗai."

"Ita kaɗai?" in ji Yaya Babba. "To bari mu fara ba 'yar gidan ta ɗanɗana." Ta gutsuri kaɗan ta jefa cikin akwatin, rabi wasa rabi gaske.

Allura ta fito da hanci, ta sunsuna, ta lasa. Nan take ta karkace, farar kumfa ta cika bakinta.

"Inna lillahi! Umma, ajiye! Kada ki ci!" Yaya Babba ta buge farantin, ya tarwatse a ƙasa. "Guba! Wallahi guba ce!"

"Yaya, ba haka ba ne! Ƙamshin lemon ne, haka take yi in ta ji sabon..."

"Rufe mini baki! A ina kika taɓa ganin dabba ta yi kumfa don daɗi? Kin gaji da jinya, ko? Sai ki faɗa mana mu tafi, ba sai kin kai ta kabari ba!"

Umma ta dubi bushiyar, ta dubi Amarya, ta janye ƙafarta daga kusa da ita. Wannan janye ƙafar ya fi duk zagin Yaya Babba yi wa Amarya ciwo. Ta shiga kicin ta yi kuka har kanta ya sara.

Dogo ya dawo ya tarar da gida kamar an yi rasuwa. Da ya ji labari sai ya yi murmushi, don a ganinsa abin mai sauƙi ne. Ya nuna wa Umma bidiyon wata bushiya tana irin wannan kumfar a waya, Yaya Babba ta ce waya ba abin da ba a haɗawa a cikinta. Ya ce to a tsaya a gani da ido. Ya fita da kansa ya sayo lemo, ya goga ɓawonsa a gabansu, ya miƙa wa Allura.

Allura ta sunsuna, ta juya baya, ta koma lungun akwatinta ta kwanta.

Amarya ta dafe kai. Cikin zumuɗi Dogo ya manta da abin da shi kansa ya koya mata: ƙamshin lemo ya daina zama baƙo a wurin Allura. Garin neman gira ya rasa ido.

"Ka gani?" Yaya Babba ta tafa hannu. "Lemo dai lemo ne. Abin da aka zuba a wancan daban ne!"

Umma ta yi magana a hankali. "Ni dai ba zan ƙara cin abin hannunta ba. Ta je gidansu tukuna, in na warke sai a zauna."

A ɗakinsu Dogo ya zauna bakin gado ya riƙe hannun matarsa. "Na ɓata miki lamari da wautata. Amma ko duniya za ta taru a kanki, ni na san wadda na aura. Bari in koma in gaya musu ba inda za ki."

"Kada ka ɗaga wa Umma murya saboda ni," ta ce, hawaye na zuba. "Tsoro ta ji, ba ƙina take yi ba. In ka ci nasara a kanta yau, ni ce zan yi asararta har abada. Zan tafi jibi. Allah yana gani."

"To ni da Allura wa zai dafa mana ƙwai?"

Ta yi dariya cikin kuka ta doki kafaɗarsa.

Kwana biyun nan Amarya ba ta fasa komai ba. Abinci dai Yaya Babba ta karɓe, amma ruwan gasa ƙafa yana zuwa ƙofar Umma a kan lokaci, kayanta a wanke a goge. In lokacin magani ya yi, sai ta ƙwanƙwasa ta ce, "Umma, ƙarfe huɗu ta yi," ta juya ba ta jira amsa ba. Umma na jin ta, zuciyarta na kai kawo.

Ranar tafiya ta zo. Jakar Amarya na bakin ƙofa, Dogo na tsaye da makullin mota kamar wanda aka yi wa duka. Ta ce a ba ta minti biyar ta canja wa Allura garin katako, don ta san in ta tafi sai ya yi sati bai tuna ba. Ta fito da bushiyar ta ajiye a kan kafet.

A daidai lokacin Yaya Babba na gwada wa Umma sabon takalmin fata mai taushi da ta sayo mata don koyon tafiya. "Kin ga wannan, Umma, ni na zaɓo da hannuna, ba wanda ya taɓa shi."

Allura ta ɗaga hanci. Ta taho da gajerun ƙafafunta, tiɓis-tiɓis, har gaban Umma. Ta sunsuni takalmin, ta lashi igiyarsa, ta ɗan tauna. Sai ta karkace ta faɗi gefe, kumfa fari fat, tana shafe ƙayoyinta da iyakar ƙarfinta.

Umma ta daɗe tana kallon bushiyar, sannan ta ɗago ta dubi babbar 'yarta.

"To ke kuma, me kika zuba mini a takalmi?"

"Ni? Umma, wallahi daga kanti... ƙamshin fata ne kawai, ai sabo ne..." Maganar ta maƙale mata, don ta ji bakinta yana faɗin abin da ta hana wata faɗa.

Ba a jima ba Allura ta miƙe garau, ta shige ƙarƙashin kujera abinta.

Umma ta miƙa hannu biyu. "Zo nan, 'yata." Amarya ta durƙusa, Umma ta rungume kanta tana kuka. "Wata guda kina gasa mini ƙafa, amma na bar kumfar bakin dabba ta rinjayi abin da na sani game da ke. Ki yafe mini."

"Umma, ba ki yi mini komai ba."

Yaya Babba ta tashi, ta ɗauki jakar da ke bakin ƙofa ta mayar ɗaki da kanta. Da ta fito idonta ja, ta ce, "Ƙanwata, na ci haƙƙinki. Ki yafe, in ba haka ba kunya ba za ta bar ni in ƙara shigowa gidan nan ba."

"Ya wuce, Yaya."

Gaskiyar masu magana, rashin sani ya fi dare duhu, zato kuwa zunubi ne. Wanda ka zauna da shi ka ga halinsa, kada abin da ba ka fahimta ba ya sa ka yar da shi a rana ɗaya. Da Amarya ta biye wa zuciya ta bar mijinta ya yi faɗa da mahaifiyarsa, da ko gaskiya ta fito ba za ta sami gurbin zama ba. Haƙurinta ne ya tsare mata gidanta.

Umma ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Akwai sauran lemon nan da Dogo ya sayo? Tashi ki gasa mini irin na rannan. Kuma ni kaɗai zan ci, ko ɓarɓashi kada a ba kowa."