Odar Da Ta Riga Goro

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta, sannan ku matso kusa.

Nuriyya ce ke riƙe da shagon ɗinkin babanta, Alhaji Sulemana, a unguwar Akwatialine. Suna da shafi a intanet, amma hotuna ne zalla, sai dai kallo. Sai ta ɗauko Fadil, wani ɗan unguwar Zango mai aikin kwamfuta, ya mayar da shafin manhaja, yadda mutum zai zaɓi ɗinki ya ba da oda daga wayarsa. Ranar da ya fara zuwa, garin kallonta ya zauna a kan allura. Tun daga nan take ce masa Injiniyana, shi kuma yana ce mata Madam Tela.

To, masu wannan aiki sukan zuba odar ƙarya don gwaji, su goge kafin su saki manhaja. Duk sunayen duniya Fadil bai ga na sawa ba sai: "Kayan amarya: Nuriyya. Ango: Fadil." Kuma ya manta bai goge ba! Ya ɗora manhajar, aka tura wa duk kwastomomi adireshinta, kowa ya buɗe abin da zai fara gani ke nan.

Razak mai trotro, wato motar haya, a tashar Race Course, wanda ya daɗe yana son Nuriyya tana share shi, shi ya tare Alhaji a bakin masallaci, ya miƙa masa waya yana yi masa barka. Alhaji ya shigo gida yana huci.

"'Yata za a aurar a waya, ba goro ba manya? Mutuwa na yi?"

Ya ce kada yaron nan ya sake taka masa shago. Nuriyya na cikin kuka saƙon Fadil ya shigo:

"Madam Tela, yi haƙuri. Yanzu zan sanar wa kowa gwaji ne kawai."

Nan take hawayen ya ƙafe, ta mayar masa:

"Chale, kai abokina, ni ce gwajin? Zango duk ta gama yi mini barka, sannan ka ce wasa ne? In gwaji ne, goge. In ba gwaji ba ne, ka san ƙofar gidanmu."

Bai goge ba. Kawunnansa ya turo da goro, Alhaji ya mayar musu da abinsu. Sai da limamin unguwa ya sa baki sannan Alhaji ya sauko, shi ma da sharaɗi: Fadil ya bi dattawan unguwa gida-gida da ƙafarsa, ya faɗa da bakinsa cewa shi ya yi rashin kunya, yarinya ba ta sani ba. Ya kuwa bi su, yana gumi suna wanke shi tas.

Aka ɗaura aure, Alhaji ya sa albarka. Nuriyya da hannunta ta ɗinka odar nan. Razak yana nan yana jan trotronsa. Manhaja tana aiki, amma Fadil ba ya ɗora komai sai matarsa ta duba.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya.