Makirufon Malam Isyaku

Shamsu ya kashe wa Malam Isyaku makirufo a gaban jama'a.

A wani ɗakin taro ne a Tarauni, ranar da kwamitin gyaran tsarin mulki ya ce zai saurari talakawa. Malam Isyaku tela ne a Gyaɗi-Gyaɗi. Ya sa babbar rigarsa, 'yarsa Firdausi ta riƙo hannunsa, don idonsa ya yi rauni. Magana ɗaya ya kawo: a karanta wa mutane daftarin da Hausa a rediyo kafin a sa hannu.

Ya yi sallama, ya fara. Shugaban zama ya ɗaga gira. Shamsu ne mai kula da na'urar sauti, sai ya murɗa. Tsoho ya ci gaba da motsa baki ba mai ji, har wasu suka yi dariya. Daga nan aka fitar da kowa, aka rufe ƙofa, manya suka ci gaba da zamansu.

Kafin ta fita, Firdausi ta tsaya a kan Shamsu.

"Allah ya isa," ta ce.

Ya ɗago ya gan ta. Shi ke nan.

Ma'aikaciyar jinya ce. Ya yi ta cigiya har ya samu lambarta, ya rubuta:

"Salamu alaikum. Ni ne wanda kika yi wa Allah ya isa. Tun ranar ban ci abincin kirki ba. Ki yafe, ko ki zo ki ƙara wata, in dai zan ji muryarki."

Sai da ta ja masa rai ta amsa:

"Ba ni ka yi wa ba. Kuma ka ci abinci, gadajenmu a cike suke."

Daga nan zance ya ƙullu. Yakan jira ta a bakin titi in ta tashi aiki, su tako a hankali. Komai yana faɗa mata, ban da abin da kwamitin ke tattaunawa a bayan ƙofa. An sa shi ya dafa Alƙur'ani kafin a bar shi ya jona wayoyinsa a ciki.

"Bebena," take ce masa, "yau ma ba ka ji komai ba?"

"Na ji, Fiddo. Na ji zuciyata tana kiranki."

"Wannan kuma ba ta cikin tsarin mulki."

Da manyansa suka je neman aure, Malam Isyaku bai ko tsayar da keken ɗinki ba. Ya ce a turo yaron. Shamsu ya zo ya durƙusa a bakin shago.

"Kai ne ka rufe mini baki."

"Ni ne, Baba. Umarni aka ba ni."

"To buɗe naka. Me suke rubuta mana a ciki? Ƙasar ta ubansu ce? Faɗa mini, in ba ka ita."

"Baba, na rantse."

"Tashi ka ba ni wuri."

Akwai Anas, mai kemis a layin, ya daɗe yana son Firdausi. Ya shiga zuwa shago kullum da labarai, wai yana da mutum a ciki. Ƙarya ce, amma tsoho yana saurare. Har aka fara maganar kai kuɗi.

Firdausi ta rubuta wa Shamsu:

"Kalma ɗaya ta gagare ka saboda ni. Ashe aikin ka fi so. Na gode."

Ya amsa:

"Na ajiye aikin yau. Rantsuwar ce ba ta ajiyuwa. In na karya ta don in same ki, da wane baki zan yi miki alkawari gobe?"

Ta yi kuka. Da uban ya ji, ya ce da ma bebe ne, yanzu ga shi babu sana'a. Shamsu ya koma haɗa lasifika a wuraren biki da wa'azi. Wata ya bi wata. Firdausi ta rame. Ba ta ce tana son Anas ba, ba ta ce ba ta so. Yarinya ce mai tarbiyya.

Ran nan daftari ya fito. Da Turanci, a waya. Ba a karanta a rediyo ba. Firdausi ta zauna a shago tana fassara wa ubanta, daga azahar har la'asar ta wuce. Bai gane rabi ba, ita ma haka.

"Waɗanda ba a kashe musu makirufo ba fa?" ya ce. "Mai maganar asibiti? Matar nan mai maganar filaye?"

"Ban ga tasu ba, Baba."

Malam Isyaku ya tsayar da keken ɗinki.

"Ashe a kunne da a kashe duk ɗaya ne. Na riƙe yaro da laifin banza." Ya tofar da zaren da ke bakinsa. "Shi ko ya riƙe abin da aka ba shi. Wancan mai kemis bai riƙe ko bakinsa ba. Ce wa Shamsu ya turo."

An ɗaura aure a ƙofar gida, bayan Juma'a. Aka raba goro da alewa, aka shafa fatiha. Daga ciki guɗa ta tashi. Saƙonta ya shigo wayar ango:

"Bebena, yau kam ka yi magana. Taka ce ni."

Shamsu da kansa ya haɗa lasifikar ranar. Layi ya cika maƙil. Ya ɗauko makirufo, ya durƙusa gaban surukinsa, ya miƙa da hannu biyu.

"Baba, ga jama'a. Ka faɗi abin da ka je faɗa ran nan. Yau ba mai kashewa."

Malam Isyaku ya dafa kansa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriyar da za a saurara."

Aka ce amin. Shamsu bai sauke hannu ba. Tsoho ya dubi makirufon, ya dubi jama'a, talakawa irinsa, ba mai alƙalami ko ɗaya. Ya ture shi da bayan hannu.

"Waɗanda na kai wa sun riga sun sa hannu. Ɗauke abinka. Ba zan faɗa ba."