Tashin Kwarin Maje

A zamanin mulkin soja, 'yan shekaru bayan yaƙin basasa, cikin wata kaka da dawa ta yi albarka, Haladu ɗan Shitu ne dagacin Kwarin Maje, wani tsohon gari mai ganuwa a kudancin ƙasar Kano. Mutum ne mai sanyin hali, ba a taɓa jin ya ɗaga murya a fada ba. Ƙanensa Yusif shi ne Madakin gari. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma Yusif ba ya haɗiye magana.

A wannan kaka hakimi ya kira Haladu. Ya tarar da shi zaune da wani jami'in gwamnati. Aka gaya masa za a datse kogi a Tiga, ruwa zai ci Kwarin Maje har kan rimayenta. An ce an tanadar musu sabon matsuguni mai fadama da rijiyoyi.

Haladu ya ce, "Allah ya ja zamaninka, in talakawa suka ƙi fa?"

Hakimi ya ce, "Dagaci, ba shawara aka kira ka ba."

Da ya koma gida ya tara dattawa a zaure, ya isar da saƙo. Yusif ya fara gaisuwa, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ba faɗa muke nema ba. A nuna mana ƙasar da za a ba mu, mu taka ta, mu ga ruwanta, sannan mu tashi."

Haladu ya ce, "Madaki, da Nasara suka fasa Bebeji da igwa, kakanmu ƙofa ya buɗe musu. Da ya yi taurin kai, da ba a haife mu ba."

"Nasara haraji ya karɓa, ya bar mana garinmu," in ji Yusif. "Waɗannan kuwa namu ne. Mu muka yi musu kiɗa ranar da aka ce an sami 'yanci. Ko tambayarmu ba za su yi ba?"

Gari ya rabu biyu.

Da motocin kwasar kaya suka iso, Yusif da mutanensa suka tare ƙofar gari da kututture, suka zauna a ƙasa, babu mai riƙe ko da sanda. 'Yan sanda suka kewaye ganuwa, suka hana shiga da fita. Gishiri ya ƙare, kananzir ya ƙare. Wata mai naƙuda ta rasa hanyar zuwa asibiti, da ƙyar ta rayu. Sai jami'in nan ya aika aka fito da Haladu bakin ƙofa, rana tsaka, a gaban jama'a. Ya ce ko ya nuna wanda ya kitsa wannan abu, ko kuwa soja su zo su yi aikin da kansu.

Haladu ya dubi mata da yara da ke leƙowa ta kan ganuwa. Ya san abin da zuwan soja ke nufi. Ya ɗaga hannu, ya nuna ƙanensa.

Tun da aka naɗa Haladu, Yusif bai sake kiransa da wani suna ba sai ranka ya daɗe. A ranar sai ya ce, "Yaya, da kanka?"

Aka tafi da shi. Aka janye kututture, aka kwashe gari.

Sabon matsugunin tsandauri ne. Fadamar da aka ambata ta shiga hannun waɗansu masu uwa a gindin murhu, rijiyoyi kuwa ba a haƙa ba. Da damina ta faɗi, amai da gudawa suka ɓarke, suka tafi da mutane da yawa, har da Safiya matar Yusif. Sannan aka sanar da Haladu cewa wurin yana cikin ƙasar wani dagaci ne, don haka shi yanzu mai unguwa ne. Ya karɓa, ya yi godiya, kamar yadda ya saba.

Da aka saki Yusif bai taka sabon garin ba. Ya kafa bukka a bakin ruwan da ya ci tsohon garin, ya koyi sana'ar su, manomin da kakanninsa ba su taɓa riƙe komar kamun kifi ba. Shekaru suka shuɗe, ba ya zuwa inda yayansa yake.

Da tsufa ya kama Haladu, ido ya dushe, sai ya dogara sanda wata safiya har bakin ruwan. Ya ce, "Madaki, kai ni gida."

Yusif ya riƙe hannunsa ya sa shi a kwalekwale, ya yi ta tuƙi har suka yi nisa, sannan ya ajiye filafili.

"Nan ne?"

"Ina jin nan ne. Ruwa ya sauya komai."

Haladu ya tsoma hannu a ruwa, ya daɗe bai fitar ba. Ya ce, "Da ban nuna ka ba, da an yi kisa."

"Ta yiwu," in ji Yusif. "Ta yiwu kuma da an nuna mana ƙasar. Ba wanda zai sani yanzu."

"Ka yafe mini."

"Nawa na yafe, Yaya. Na Safiya da na gari ba a hannuna suke ba."

Haladu ya rasu kafin wata damina, Yusif na cikin masu ɗaukar makara. Zuriyarsu ta watsu, wasu a Yako, wasu a Ƙafin Maiyaki, kuma har yau ba su daidaita a kan labarin ba. Jikokin Haladu suna cewa ya ceci rayuka, jikokin Yusif suna cewa ya ba da gari a banza. Abin da duka suka yarda da shi, hukuma ta yaba wa Kwarin Maje, ta ce an tashi lami lafiya.

Haka mulki yake. Ya karɓi biyayyar mai biyayya, ya ɗaure mai ƙi, ya bar su biyun hannu rabbana. Shirun da ya biyo baya kuma, shi aka kira zaman lafiya. Allah shi ne masanin gaskiya.